Maganin Gautsin Ƙashi da Lafiyar Ƙoda: Abin da Ya Kamata Mutanen Guna Su Sani

Wataƙila a gidanku ko a maƙwabta akwai dattijuwar da ta zame a bakin rijiya, ko ta yi tuntuɓe da turmi, sai ga ƙashin kwatangwalo ya karye. Faɗuwar ba wata babba ba ce. Da jikanyarta ce ta yi irinta, da ta miƙe ta kaɗe zane ta wuce. Amma tsohuwa tun daga ranar ba ta sake taka ƙafarta ba. Sau da yawa abin da ke jawo haka wata cuta ce da ake kira gautsin ƙashi.

Cutar tana da magani. Sai dai an daɗe ana maganar cewa maganin yana taɓa ƙoda, kuma maganar ta sake tasowa a ranar 19 ga watan Janairu na 2024, lokacin da Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka, wato FDA, ta fitar da gargaɗi mai ƙarfi a kan ɗaya daga cikin magungunan. Kada ku ce Amurka ta yi nisa da Guna. Magani ba ya jin nisa. Likita yana iya rubuta shi a Damagaram ko a Yamai ko a Kano, ɗa kuma yana iya aiko wa mahaifiyarsa da shi daga wurin cin rani. Saboda haka yana da kyau ku san gaskiyar da ke cikin maganar, ku kuma san inda aka yi mata ƙari.

Mene ne gautsin ƙashi?

Ƙashi abu ne mai rai. Kullum jiki yana rushe tsohon ƙashi yana gina sabo a madadinsa, kamar yadda ake yi wa katanga yaɓe bayan damina. A ƙuruciya gini ya fi rushewa yawa. Idan shekaru suka ja, sai rushewa ta fi gini. Ga mace abin yakan yi sauri bayan al'ada ta ɗauke mata. Daga waje ƙashin yana nan yadda yake, amma cikinsa ya zama rami-rami, kamar azarar da gara ta ci. Ba ya ciwo, ba ya kumburi, sai ranar da ya karye.

Wurare uku ne suka fi karyewa: kwatangwalo, da wuyan hannu, da ƙashin baya. Na ƙashin baya yakan zo a ɓoye. Tsohuwa ta riƙa rage tsawo, bayanta ya rusuna, a ce ai tsufa ne. Gidauniyar duniya da ke kula da wannan cuta ta ƙiyasta cewa a cikin mata 3 da suka haura shekara 50, ɗaya za ta samu irin wannan karaya, a cikin maza 5 kuma ɗaya. Na'urar da ke auna ƙarfin ƙashi ba ta yawaita ba a ƙasashenmu, don haka galibi karayar ce take fara tona asirin cutar. Mai ɗori zai iya ɗaure inda ya karye, amma ɗori ba ya cike ramin da ke cikin sauran ƙasusuwa.

Ina ruwan ƙoda da maganin ƙashi?

Kowane mutum yana da ƙoda biyu a bayansa, a ƙarƙashin haƙarƙari. Aikinsu tace jini. Suna fitar da datti da ragowar magani ta hanyar fitsari, suna kuma daidaita gishiri da ruwa da sinadarin kalsiyam, wanda shi ne tubalin ginin ƙashi. Ƙoda ma tana tsufa. Hawan jini da ciwon suga suna gajiyar da ita. Tsargiya, wadda ake ɗauka a tafkuna da fadamu irin na Korama a kudancin Damagaram, tana iya lalata hanyar fitsari har ta kai ga ƙoda idan an bar ta ta daɗe. Abin takaici shi ne ƙoda tana iya rasa rabin ƙarfinta mai ita bai ji komai ba.

To kun ga matsalar. Mutumin da ya fi bukatar maganin ƙashi tsoho ne, tsoho kuwa shi ya fi zama mai raunin ƙoda ba tare da ya sani ba. Cuta biyu ne masu shiru a jiki guda.

Magungunan ba iri ɗaya ba ne

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a haɗa su duka a ce "maganin ƙashi yana kashe ƙoda." Uku ne suka fi shahara, kuma kowanne da irin ma'amalarsa da ƙoda.

Na farko ƙwaya ce da ake kira alendironat. An fara amfani da ita a Amurka a 1995 da sunan Fosamax, yanzu kamfanoni da dama suna yin ta. Yawanci ƙwaya ɗaya ake sha a mako, mai miligiram 70. Abin da ke shiga jini daga cikinta kaɗan ne ƙwarai, bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Daga wannan ɗan kaɗan, kusan rabi ya manne a ƙashi ya rage rushewarsa, sauran kuma ƙoda ta fitar. Ga mai lafiyayyar ƙoda, ba a san wannan ƙwaya da yi mata lahani ba. Inda take da fitina shi ne maƙogwaro da bakin ciki. Shi ya sa ake shan ta da safe kafin a ci komai, da cikakken kofi na ruwa zalla, ba shayi ba, ba kunu ba, ba nono ba. Sannan a zauna a miƙe ko a tsaya har minti 30, kada a kwanta. Amma idan ƙoda ta riga ta yi rauni sosai, ba a ba da shawarar shan ta, domin mai fitar da ragowar ya gaza.

Na biyu shi ne ya fi cancantar a yi hattara da shi. Sunansa zolediranat, ana sayar da shi da sunan Aclasta a Turai, Reclast a Amurka. Ba sha ake yi ba, ta jijiya ake ba da shi kamar ƙarin ruwa, sau ɗaya a shekara. An amince da shi don wannan cuta a 2007, mutane kuma suka yi murna, tunda sau ɗaya a shekara ya fi sauƙin tunawa a kan kowane mako. Sai dai abin da ya shiga ta jijiya gaba ɗayansa yake isa ga ƙoda a lokaci guda. Ba a jima ba rahotanni suka fara zuwa na mutanen da ƙodarsu ta tsaya kwanaki kaɗan bayan an yi musu. Wasu sai da aka yi musu wankin ƙoda, wasu kuma suka rasu. A watan Satumba na 2011 hukumar FDA ta tsaurara doka: kada a ba wanda awon tacewar ƙodarsa ya gaza 35, kada kuma a ba wanda ƙodarsa ke cikin wata sabuwar matsala.

Ku lura da su wane ne abin ya fi shafa. Waɗanda ƙodarsu ke da rauni tun farko. Waɗanda ruwan jikinsu ya ƙare saboda zazzaɓi ko gudawa ko amai. Masu shan maganin da ke sa yawan fitsari, irin wanda ake ba masu hawan jini. Da masu shan wasu magungunan da su ma suke wahalar da ƙoda. Duk waɗannan abubuwa ne da ake iya ganowa kafin a ɗaura ruwan. Shi ya sa ƙa'idarsa take a fili: a auna jini tukuna, majiyyaci ya sha ruwa isasshe, kuma a bar maganin ya shiga a hankali, kada ya gaza minti 15. A ƙasa irin tamu, inda zafin watan Afrilu da Mayu yake haura digiri 40, batun ruwan jiki ba abin wasa ba ne. Tsohuwar da ta taso daga Guna cikin rana, ta yi dogon zama a layin asibiti ba ta sha komai ba, ba ta cikin halin da ya dace a yi mata wannan magani sai ta huta ta sha ruwa. Haka nan mai azumi ya gaya wa likita cewa yana azumi, a zaɓi ranar da ta dace.

Na uku allura ce da ake yi a ƙarƙashin fata duk bayan wata 6. Sunanta denozumab, ana sayar da ita da sunan Prolia, an amince da ita a 2010. Ba ta bi ta ƙoda wajen fita daga jiki, ba ta kuma lalata ta. Saboda haka shekaru da dama likitoci suka riƙa komawa gare ta idan majiyyaci yana da ciwon ƙoda. A nan ne gargaɗin 2024 ya shigo. Allurar tana hana ƙashi sakin kalsiyam zuwa cikin jini. Mai lafiyayyar ƙoda jikinsa yana iya cike giɓin. Wanda ciwon ƙodarsa ya yi nisa ba ya iyawa, sai kalsiyam ɗin jininsa ya faɗi ƙasa warwas. Binciken da aka yi a Amurka a kan tsofaffin mata masu wankin ƙoda ya nuna cewa kimanin 41 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allurar sun shiga wannan hali mai tsanani cikin mako 12, alhali a cikin masu shan ƙwaya kimanin 2 ne kacal cikin 100. Alamominsa su ne jin tsira-tsira a leɓe da yatsu, da ɗaurewar jijiya, da ruɗewa, wani lokaci har da jijjiga. Yakan faru tsakanin mako na 2 da na 10 bayan allura.

Akwai wani abu game da wannan allura da ya kamata talaka ya sani kafin ya fara. Ba a barin ta haka kawai. Idan wata 6 ya cika ba a sake yi ba, ba a kuma maye gurbinta da wani magani ba, ƙashi yakan koma rushewa da sauri fiye da da, har ƙashin baya ya karye a wuri fiye da ɗaya. Wanda ba shi da tabbacin kuɗin allura ta biyu da ta uku, gara ya faɗa wa likita gaskiya tun farko.

Haɗarin da ya fi kusa da ku

Yanzu mu dawo gida. A gaskiya mutanen karkara da aka taɓa yi wa Aclasta ko Prolia ba su da yawa, domin suna da tsada kuma ba a ko'ina ake samun su ba. Amma tsofaffi masu ciwon baya da ciwon gwiwa da ciwon ƙugu suna nan a kowane gida. Me suke sha? Abin da mai tallan magani ya zubo musu a tafin hannu ranar kasuwa, ja da fari da ruwan ɗorawa, babu kwali, babu takarda. Da yawa suna kiran sa "maganin ƙashi", alhali bai ƙara wa ƙashi komai ba.

Mafi yawan irin waɗannan ƙwayoyi na kashe raɗaɗi ne, kamar diklofenak da ibuburofen. Suna aiki, babu musu. Ciwon yana lafawa, mutum ya koma gona. Amma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda. Shan kwana biyu ko uku ga matashi mai lafiya ba ya cika yin illa. Shan kullum, wata da watanni, ga tsoho mai hawan jini da ke aiki cikin rana ba ya shan ruwa sosai, wannan hanya ce ta kai tsaye zuwa ciwon ƙoda. Idan kuma aka haɗa su da maganin ƙashi na jijiya, haɗarin ya ninka. A ganinmu, idan ana maganar magani da ƙoda a yankin Guna, a nan ya kamata a fara.

Akwai kuma dekzametazon da ƴan uwansa, wanda wasu ke sha don ciwon gaɓoɓi, wasu mata kuma don su yi ƙiba. Wannan shi da kansa yake cinye ƙashi idan an daɗe ana sha, ga hawan jini da ciwon suga da yake tayarwa. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wanda ya daɗe yana shan sa kada ya yanke rana ɗaya, domin hakan ma yana da haɗari. Ya je asibiti a nuna masa yadda zai riƙa ragewa.

Ban da haka, ba duk abin da ke cikin leda ne yake daidai da sunansa ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, magani 1 cikin 10 jabu ne ko marar inganci. Nijar tana cikin ƙasashen Afirka da suka shiga yarjejeniyar Lome ta watan Janairun 2020 don yaƙi da fataucin irin wannan magani. Doka tana da amfani, amma ba ta zama a tsakar gidanku lokacin da Inna za ta haɗiyi ƙwaya. Ku ne kuke nan.

A nan karatun da kuke koya zai yi muku rana. Ku ɗauki kwalin ku duba sunan. Da Faransanci za ku ga an rubuta Diclofénac, ko Ibuprofène, ko Dexaméthasone, ko Alendronate. Ku duba watan da maganin zai lalace. Idan an ba ku ƙwaya tsirara ba kwali ba suna, ba ku da hanyar sanin abin da kuke sha, likita ma ba shi da ita.

Awon da ke raba gardama

Ba a gane lafiyar ƙoda da ido. Awon jini ne yake nunawa, wanda ake kira awon kiriyatinin, a takardar asibiti kuma Créatinine. Ana haɗawa da awon fitsari da na hawan jini. Daga sakamakon, likita yana yin lissafi da shekarun mutum da nauyinsa, ya fitar da lamba guda wadda ke nuna ƙarfin tacewar ƙoda. Ta matashi mai lafiya takan kai 90 ko fiye. Lambar nan ce ake nufi da aka ce kada ta gaza 35.

Lissafin yana da muhimmanci. A ce ga wata dattijuwa mai shekara 70, siririya, marar nauyi. Sakamakon jininta yana iya fitowa kamar babu laifi, amma da an sa shekarunta da nauyinta a lissafi sai a ga ƙodar ta yi ƙasa sosai. Don haka kada ku tsaya ga "an auna, lafiya lau." Ku tambaya da ladabi: "Likita, nawa ne ƙarfin tacewar ƙodarta? Ya isa a ba ta wannan magani?" Tambaya ce da kowane ma'aikacin lafiya na kirki zai ji daɗin amsawa. A roƙi a auna kalsiyam ɗin jini ma, domin duka magungunan nan uku ba a fara su idan ya yi ƙasa. A kuma duba haƙora, a gyara wanda ya ruɓe tun kafin a soma.

Za ku ce awo kuɗi ne. Gaskiya ne. Tsarin kula da lafiya kyauta da Nijar ta kafa a 2006 ya shafi yara ƴan ƙasa da shekara 5 da mata masu ciki, bai haɗa da ciwon tsufa ba. Amma a watan Agusta na 2024 gwamnati ta yanke shawarar rage rabin kuɗin ganin likita da na gwaje-gwaje da na kwanciya a asibitocin gwamnati, daga ranar 1 ga Satumba na shekarar. Ta kuma soke kuɗin sefa 150,000, wato jika 150, da ake biya kafin a fara wa mutum wankin ƙoda. Sauƙi ne babba. Sai dai wankin ƙoda ba abu ne da mutumin ƙauye zai so ya kai gare shi ba ko da kyauta ne. Asibitin Ƙasa na Damagaram yana da sashen masu ciwon ƙoda, amma wanki sau biyu ko uku ake yi a mako, kowane zama awa huɗu ko kusa da haka, har iyakar rayuwa idan ƙodar ta mutu gaba ɗaya. Ku lissafa kuɗin mota, da masauki a birni, da gonar da za a bari, da wanda zai yi jinya. Awon jini guda ɗaya bai kai ko kusa da wannan ba.

Hanya ita ce a fara daga asibitin da ke kusa da ku. Idan ba su da kayan awon, su rubuta muku takardar zuwa asibitin gunduma a Mirya ko zuwa Damagaram. Ranar tafiya ku tattara duk abin da majiyyaci yake sha a leda guda, har da na kasuwa da na gargajiya. Kada ku ɓoye don kunya. Likita ba alƙali ba ne.

Kada tsoro ya hana magani

Wani zai karanta wannan ya ce to gara a bar maganin ƙashin gaba ɗaya. Wannan ma kuskure ne. Karayar kwatangwalo ga tsoho ba ƙaramar masifa ba ce. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna cewa kusan mutum 1 cikin 5 ba ya cika shekara bayanta, da yawa daga cikin sauran kuma ba sa sake tafiya da kansu. Magungunan nan suna rage karaya da gaske, musamman ta ƙashin baya. Wanda aka auna aka ga ƙodarsa ta isa, amfanin da zai samu ya fi haɗarin yawa nesa ba kusa ba. Wanda likita ya ɗora a kan magani kada ya daina saboda jita-jita. Ya koma ya tambaya. Bayan shekara 3 zuwa 5 likita yakan sake dubawa ya ga ko za a ci gaba ko za a ba jiki hutu.

Abinci ma yana da nasa rabo, kuma yana kusa da hannunku. Nono, da miyar kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, duk suna ɗauke da kalsiyam. Hasken rana a fata yana taimaka wa jiki ya yi amfani da shi, don haka tsohuwar da ta daina fita a riƙa shimfiɗa mata tabarma a tsakar gida da hantsi. Tafiya da ƙafa tana ƙarfafa ƙashi. A kawar da igiya da itace daga hanyar bayan gida, a ba ta fitila da sanda. Amma ƙwayar kalsiyam ta kanti, mai ciwon ƙoda kada ya sha sai da izinin likita.

Wanda ya riga ya fara magani, iyalinsa su sa ido a kan waɗannan: fitsari ya ragu sosai ko ya riƙa kumfa, ƙafafu ko fuska su kumbura, amai da kasala su ƙi tafiya, ko jijiyoyin hannu su riƙa ɗaurewa. Ɗan zazzaɓi da ciwon jiki na kwana biyu ko uku bayan ƙarin ruwan Aclasta abu ne da aka saba gani, ana kwantar da shi da farasitamol da shan ruwa, ba da diklofenak ba. Idan ya wuce haka, ko aka ga ɗaya daga cikin alamomin can, a tafi asibiti a ranar, a riƙe kwalin maganin da takardar awo a hannu.